Ɗakin da Ƙuda Ba Ya Sauka

A Kwarin Baure, wani ƙauye da ke gefen tafkin Gidimuni, abu biyu suka faru cikin mako guda, kuma babu wanda ya yi tunanin ɗaure su da igiya ɗaya. Ranar Talata aka wayi gari an fasa magazar ƙungiyar manoma, wato ɗakin ajiyar hatsinsu, an ɗauke buhu biyu na wake. Ranar Alhamis aka wayi gari Usaina, ɗaya daga cikin tagwayen Yakuba mai lambu, ta mutu a kan tabarmarta, ba rauni ba tabo, yarinyar da shekaranjiya take korar kaji a tsakar gida. 'Yar'uwarta Hasana kuwa tana kwance tana amai, tana jan numfashi da ƙyar. Sawun giwa ya taka na raƙumi. Aka manta da wake, aka shiga neman wanda ya ci yarinya.

Mutum ɗaya ne bai manta da waken ba, shi ne Ɗan Azumi mai bin sawu. Tsoho ne siriri, wuyansa ya saba da sunkuyo har ya ƙi miƙewa, abokan wasansa suna cewa yakan gaisa da ƙafarka kafin ya gaisa da kai. Ya sha dawo da shanun sata daga nesa. Kayan aikinsa sanda ce da wani tsohon ƙoƙo da yake ratayawa a kafaɗa. In ya ga sawu mai kyau sai ya kife ƙoƙon a kai, kada iska ko akuya su ɓata masa shaida.

Tun ranar Talatar mai gari ya sa shi aikin magaza. Alkasum mai gadinta ya tarye shi da rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi Baba ban ji komai ba."

"Ai ban ce ka ji ba. Ina ka kwana?"

Alkasum ya nuna wata tsamiya can nesa, ya sosa ƙeya. "Ranar Lahadi na sa wa buhunan ƙwayar maganin ƙwari, na ƙulle ta a tsumma na cusa cikin kowane buhu, na liƙe ƙofa. In an sa ta, warin nan yana sara mini kai. Shi ya sa na ɗan ja baya."

"Ka ɗan ja baya," in ji Ɗan Azumi, yana auna nisan tsamiyar da ido. "Da ka ƙara kaɗan da ka kwana a garin Mirya."

Ya leƙa ta inda aka ɓalle ƙyaure. Wani wari ya daki hancinsa, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, ya ja da baya yana tari. A bayan magazar ya samu abin da yake nema: sawun mutum ba takalmi, duga-dugan sun nutse don nauyin kaya, na hagu da tsaga a tsakiya irin ta faso. Ya bi shi har burtali, inda shanu ke gangarawa tafki da sassafe. A nan sawun ya mutu, kofatai sun tattake komai. Ɓarawon ɗan gari ne ke nan, ya san lokacin shanu.

Aka ce a kama Ɗanƙarami mai amalanke, don an ga jakinsa a waje da asuba. Ɗan Azumi ya sa shi ya taka yashi, sai ga ƙafa kamar ta ɗan yaye. Mai wannan ƙafa ba ya saɓa buhun wake. Aka sake shi yana zage-zage.

*

Da aka dawo daga binne Usaina, Yakuba ya tsaya gaban mai gari idanunsa jajur. Matarsa Sa'a tana gidan iyayenta a Zermu, ta haihu kwana kaɗan da suka wuce, tagwayen kuma suna kwana a ɗakinta tare da kakarsu Indo.

"Wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce," in ji Yakuba. "Ga Hasana, ga Inna ma kanta yana juyawa. Akwai mai zagaya mini gida. A duba."

Mai gari ya dubi Ɗan Azumi. Shi kuwa bai so ba, don sawun ɓarawo ya sani, bai san na maye ba. Amma ba a ce wa mai makoki a'a. Ya zagaya bayan ɗakin, jama'a na biye da shi. Nan kusa da rariyar da ke fitar da ruwa daga ɗakin ya ga sawun tsohuwa mai jan ƙafar dama, da tabon sanda a gefe. Ya ga kuma inda aka tona ƙasa aka mayar. Aka kawo fartanya. Da aka tona, sai ga baƙar kyanwa naɗe cikin tsumma, bakinta a buɗe.

Mata suka saka salati. Wani ya ce, "Sawun wa ye, Baba?"

Da ya yi shiru da ya fi masa. Amma mai sana'a yana da wata cuta, in ya san abu sai ya faɗa. "Na Ya Falmata ne," in ji shi.

Kafin magariba, ko yaron goye ya ji cewa Ya Falmata ta kama kurwar tagwaye. Babarbariya ce, mijinta ya kawo ta garin ya mutu ya bar ta, ba ɗa ba jika, tana sayar da turaren wuta, kuma ta cika kallon 'ya'yan mutane. A wurin Kwarin Baure wannan ya isa shaida. Aka yanke cewa gobe Juma'a bayan la'asar za a kawo ta a tuɓe ta, ta tsallaka Hasana, kamar yadda ake sa maye ya yi don ya saki kurwar da ya kama. Yakuba da hannunsa ya cusa tsummoki a tagar ɗakin, ya toshe rariyar da laka, ya rataya bargo a ƙofa, kada mayya ta samu ko ramin allura.

*

Da safiyar Juma'a Ɗan Azumi ya tafi gidan Ya Falmata. An jejjefe mata danga, tukunyar turarenta a fashe. Tana zaune tana jan carbi.

"Ka zo ka duba ko ina da wutsiya?" in ji ta.

"Na zo in ji me ya kai ki bayan ɗakin Sa'a."

"Da ka fara da wannan jiya." Ta ajiye carbin. "Kyanwata ce. Ita kaɗai nake magana da ita a gidan nan. Takan shiga ɗakin Sa'a ta rariya ta kama ɓera. Ranar Laraba na neme ta, na tarar da ita bakin rariyar tana tangaɗi kamar ta sha wani abu, kumfa a baki. A hannuna ta mutu. Ƙafata ba ta kai ni daji, na tona nan na rufe ta."

"Ranar Laraba. Usaina tana da rai ke nan."

"Da ranta. Ita ta riƙe mini tsumman." Ta sake ɗaukar carbin. "Malam Ɗan Azumi, ni in an tuɓe ni a gaban jama'a, tsufa ne ya jawo mini, zan haɗiye. Amma ka gaya musu su fitar da yarinyar nan. Da na durƙusa bakin rariyar, wani abu ya fito daga ɗakin ya shaƙe ni. Akwai abin da ke zaune a ɗakin nan, kuma ba ni ba ce."

Ɗan Azumi ya miƙe. Ya fito yana karanta abin da ya sawwaƙa, don shi ma ɗan garin ne, da labarin mayu aka yaye shi.

*

A hanya ya ci karo da Majo Bashir, ma'aikacin gidan likitan Gidimuni, ya jingine moto, wato babur ɗinsa, a gindin dabino yana huci. Daga gidan Yakuba aka koro shi.

"Baba, kai suna jin maganarka. Sun hana ni ɗaukar ta. Wai ciwon maita in an yi masa allura mutuwa ake. Da ƙyar suka miƙo mini ita bakin ƙofa na duba."

"Me ka gani?"

"Ba zazzaɓin sauro ba ne, na gwada jininta. Ba kwalara ba ce, da rabin unguwa na kwance. Ya fi kama da guba. Amma tuwon da suka ci, uban ma ya ci, lafiyarsa lau. Ruwan randa ɗaya suke sha." Ya share gumi. "Abin da ya tsaya mini a rai, da rana in an fito da ita takan ɗan farfaɗo, in ta kwana sai ta wayi gari ta fi jiya. Yau kuwa ko fitowar an hana. In ta ƙara kwana a haka, gobe sai dai a sake ɗaukar fartanya."

"Shi Yakuba ina yake kwana?"

"A zaure, in ji su."

"Kada ka tafi, Majo. Ka zauna har la'asar."

"Me ka gano?"

"Ban gano komai ba," in ji Ɗan Azumi, kuma gaskiya ya faɗa. Yana da kyanwa, yana da tsohuwa mai jan ƙafa, yana da yarinyar da ke narkewa, babu kuma sawun da ya haɗa su. Abin da ya sani kawai, bakinsa ne ya sa aka toshe tagar nan.

*

Bayan la'asar tsakar gidan Yakuba ya cika. Mai gari yana kan kujera. Alkasum ya zo kallo, Ɗanƙarami ma ya zo, don wanda aka taɓa zargi ba abin da yake so kamar ya ga an zargi wani. Majo Bashir ya tsaya can baya. Samari suka shigo da Ya Falmata, kallabinta ya zame, ba wanda ya gyara mata. Ƙudaje sun dami kowa, don an yi ta kawo fura da tuwon sadaka tun jiya, kowa sai kore su yake da hannu.

Mai gari ya ce a ɗaki za a yi, Ɗan Azumi ya fara shiga ya zama shaida. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya ɗaga bargon.

Duhu ne da hayaƙin turaren tsari, ya cika ɗakin har ba a jin warin komai. Ga gadon ƙarfen Sa'a, dogo, an lulluɓe shi da zanen gado har ƙasa. Ga Hasana a tabarma a gindin gadon, ƙirjinta yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Indo tana zaune kusa da ƙofa ta ɗaure kai da tsumma. Shirun ɗakin ne ya fara ba shi tsoro. Ɗakin ƙauye ba ya yin shiru haka, ko ba kowa akwai abin da ke motsi a jinka.

Ya yi abin da ya saba, ya dubi ƙasa.

Kusa da kan yarinyar akwai ƙwaryar kunu a buɗe, da sukari a ciki, tun safe. Ko ƙuda ɗaya babu a kanta. Daga bakin ƙofa wani layin tururuwa ya taho wajen ƙwaryar, sai dai layin ba ya tafiya. Ya sa yatsa ya taɓa. Duk sun mutu, kowace a inda take, a jere. A gindin bango ga tsaka ta faɗo a rigingine. A kusurwa gizo-gizo ya dunƙule cikin saƙarsa. Ya bi gawawwakin da ido kamar yadda yake bin sawu, ya ga inda suka fi yawa. Sun fi yawa a bakin zanen gado. A nan kuma daɓen ɗakin yana da wata alamar gogewa mai faɗi, ta abu mai nauyi da aka ja aka tura ciki.

Ya sunkuya. A ƙasan hayaƙin, dab da daɓe, warin ya same shi. Tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi.

Warin magazar nan ne. In ya ce guba ce, za a tsaya musu har magariba. Sai ya fito da sauri ya ɗaga murya.

"Wa ya ce a ɗaki ake tsallake? Kurwa in an sake ta, ta ina za ta shigo, kun toshe ko'ina? A fito da yarinya fili! Indo, ke ma fito!"

Ba wanda ya taɓa jin wannan doka, amma ba wanda ya so a ce bai san ta ba. Nan da nan aka fito da Hasana da tabarmarta, aka shimfiɗe ta a inuwar darbejiya. Ɗan Azumi ya yafito Majo da ido, Majo ya durƙusa kanta. Yakuba ya yunƙura zai hana, tsohon ya gitta masa sanda.

"Dakata, ɗana. Ranka ya daɗe, ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa jin mayen da ke cin kurwar tururuwa?"

Ya nuna ƙudajen tsakar gidan da sandarsa.

"Ga ƙuda nan ya hana ku sakat. A ɗakin can akwai kunu a buɗe, ƙuda bai sauka ba. Tururuwa ta mutu, tsaka ta mutu, kyanwar Ya Falmata ta shiga ta fito ta mutu tun Usaina na da rai. Abin da ke ɗakin nan ba ya zaɓe, duk mai numfashi nasa ne. Alkasum, me ya kore ka zuwa gindin tsamiya?"

Alkasum ya buɗe baki, ya kasa rufewa. "Maganin... maganin wake."

Majo Bashir ya ɗago kai a firgice. "Ƙwayar buhu? Innalillahi! Ai ita ba sai an ci ba, iska take zama. A rufaffen ɗaki tana kashe babba, balle yaron da ke kwance a ƙasa. Kada kowa ya shiga! Ku fizge tsummokin tagar ta waje, ku cire bargon!"

Aka fizge. Da iska ta ɗan ratsa, Ɗanƙarami ya ɗaure hanci da rawani, ya kama numfashi, ya shiga da ƙugiya ya fito da gudu yana jan abu. Ya koma ya jawo na biyu. Buhu biyu na wake, da tambarin ƙungiyar manoma a jikinsu.

Indo ta dafe ƙirji. "Ni ban san da su ba! Na rantse ban taɓa ɗaga zanen gadon surukata ba!"

"Na yarda," in ji Ɗan Azumi. "Ba ki iya ɗaga buhu."

Tun ranar Talata yake duban ƙafafun mazan garin, a masallaci, a bakin tafki, a wurin jana'iza. Ƙafa ɗaya ce bai duba ba, don wa zai tsaya leƙen duga-dugan mutumin da ya binne 'yarsa? Yanzu ya duba. Yakuba yana tsaye ba takalmi kusa da randa, inda ƙasa ke da danshi. Ya ɗan ja da baya, sai ga sawunsa ya fito sarai, da tsaga a tsakiyar duddugen hagu.

Wannan karon Ɗan Azumi ya riƙe bakinsa. Amma duk garin sun san inda idonsa yake sauka, suka bi shi da kallo.

Yakuba ya dubi buhunan, ya dubi tagar, ya dubi hannuwansa da har yanzu akwai busasshiyar laka a farcensu.

"Maganin ƙwari ne," in ji shi a hankali. "Na ƙwari ne, Majo. Kowa yana sawa." Ya juya wajen mai gari. "Tsutsa ta cinye mini gero. Rumbu ba komai, ga suna ya taho, ga su su biyu suna tambayata abin da za a dafa. Na ce in ɓoye a inda ba mai dubawa, kafin ƙura ta lafa. Don su na ɗauko." Ya zube ƙasa. "Ni na toshe tagar. Da hannuna na toshe."

Majo ya riga ya tayar da moto. "Tana numfashi, amma sai an kai ta asibitin Zinder. Wa zai riƙe ta a baya?"

Indo jiri ya hana ta tsayuwa. Sauran matan suka tsaya cirko-cirko, kowace tana jin kunyar ta fara motsi. Ya Falmata ce ta ja ƙafarta ta zo. Ba ta tsallaka yarinyar ba, ta zagaye ta, ta sunkuya ta ɗauke ta, ta ce wa samarin da suka jawo ta ɗazu, "Ku ɗora ni." Suka ɗora ta, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

*

Jama'a suka watse sumui-sumui. Mai gari ya aika a kira jandarma, ya bar Ɗan Azumi ya zauna da Yakuba, ko da yake ba inda mutumin zai gudu. Rana ta yi ja. Wani ƙuda ya shiga ɗakin ta tagar da aka buɗe, ya fito lafiya.

Can wayar mai gari ta yi ƙara a waje, aka leƙo aka ce sun isa, an sa wa Hasana abin numfashi, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ɗan Azumi ya yi hamdala. Yakuba ya gyaɗa kai kawai. Idonsa yana kan wani wuri a bayan randa.

"Baba, gobe Sa'a za ta iso. Me zan ce mata?"

"Abin da ya faru za ka ce mata. In ba ka faɗa ba, wani zai faɗa."

Yakuba ya ce, "Ara mini ƙoƙonka."

Tsohon ya bi idonsa. A lungun da ke tsakanin randa da bango, inda laka ta bushe ba wanda ya taka, akwai ɗan ƙaramin sawu guda, yatsu biyar a fili, na yarinyar da ta yi ɗage don ta kai ga moɗa.

"Na Usaina ne ko na Hasana?" in ji Yakuba. "Kai ka sani. Ni ubansu ne, amma ban sani ba."

Ɗan Azumi ya durƙusa ya daɗe yana dubawa, ko da yake kallon farko ya gane. Ya ga ƙafar a wurin wankan gawa jiya, kafin a naɗe ta.

"Na Usaina ne."

Ya sauke ƙoƙon daga kafaɗarsa ya miƙa. Yakuba ya rarrafa ya kife shi a kan sawun da hannu biyu, a hankali, ya danna gefensa cikin ƙasa kada iska ta shiga. Yana nan dafe da shi har motar jandarma ta tsaya a ƙofar gida.